Amsoshin Tambayoyinku: Kashin Aladu, Rijiyoyinmu da Lambunanmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku, wanda ke zuwa muku daga nan Zariya. Da fatan ruwa ya yi gyara a gonakinku.

A makon nan saƙonni sun taru a kan abu guda, har na ware masa filin gaba ɗaya, wato kiwon aladu da abin da ke fita daga garkensu. Na san akwai wanda da jin sunan dabbar zai kai hannu ya murɗa rediyo. Don Allah a dakata. Yawancinmu ba ma kiwonta, ba ma cinta, addininmu ya hana. Amma a garin nan muna da maƙwabta da kiwon ne abincinsu, a wajejen Sabon Gari da Wusasa da Basawa da bayan Samaru, kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katangar kowa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Takarda ta farko daga wata baiwar Allah ce a bayan Samaru. Ta ce: "Malam, maƙwabcinmu yana da aladu sun kai 20, garkensu jingine da katangarmu ta baya. Tun da damina ta kankama ruwan rijiyarmu ya sauya, da safe har ɗan wari yake yi, yarana biyu sun yi gudawa. Ina goyon jaririya 'yar wata 3. Aladun ne, ko kuwa zargi nake yi?"

Hajiya, Allah ya ba yaran lafiya, ya raya jaririya. Ruwa ba ya tsami banza, kin yi daidai da kika tambaya. Da yake gani ya kori ji, ranar Talata na nemi izinin maigidanki na je na duba. Mai garken ma ya karɓe ni hannu bibbiyu. Na tarar da yaronsa yana wanke ɗakunan da bokiti da tsintsiya, ruwan wankin yana bi ta wata kafa a gindin bango, baƙi ƙirin, yana taruwa a wani rami da ba a yi masa siminti ba. Saman ramin kumfa ce da ƙudaje, gefensa ciyawa ta yi kore shar fiye da ko'ina a wurin. Na auna da ƙafata: daga bakin ramin zuwa bakin rijiyarki taku 9 ne.

Babban alade ɗaya yana fitar da kashi da fitsari wajen kilo 4 zuwa 6 a yini. Idan 20 ne, kin ga ana maganar kilo 100 kullum, wajen tan 3 a wata, ban da ruwan wanki. Shi kuma kashin alade ba irin na tumaki ko awaki ba ne da yake bushewa ya yi 'ya'ya-'ya'ya a share shi da tsintsiya. Ruwa-ruwa ne, yana tsiyaya. Rijiyoyinmu na Zariya yawancinsu ba su da zurfi, kuma a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, ruwan ƙasa yakan taso har mutum ya ja da guntuwar igiya. A irin wannan lokaci abin da ke cikin ramin nan ba ya wahalar isa rijiya. Shi ya sa masana harkar ruwa suke cewa a bar aƙalla mita 30, wajen taku 40 ke nan, tsakanin rijiya da duk wani ramin ƙazanta, kuma ramin ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

Abu biyu ne ke shiga. Na farko ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da ciwon ciki da shawara, da ƙwan tsutsar ciki. Waɗannan tafasa ruwa yana kashe su. Na biyu shi ne wanda ya fi tayar min da hankali saboda jaririyarki: wani sinadari da ake kira naitiret, wanda fitsari da kashi ke rikiɗewa su zama idan sun shiga ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin sa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha. Babba yana iya jure shi, amma jaririn da bai kai wata 6 ba, idan ana dama masa madara da ruwan da sinadarin ya yi yawa, jininsa sai ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansa da faratansa su yi shuɗi-shuɗi. Kuma ki riƙe wannan da kyau, Hajiya: tafasawa ba ta fitar da shi. Ƙara masa ƙarfi ma take yi, domin ruwan ne ke ƙonewa shi ya zauna. Saboda haka jaririya nono zalla har ta cika wata 6, kamar yadda ake faɗa a asibiti. Sauran mutanen gida, a nemo ruwan sha daga famfo ko burtsatsen da ke nesa da wurin, na rijiya a bar shi wa wanki har sai an auna shi. Yaran da ke gudawa kuma a haɗa musu ruwan gishiri da sukari da ruwa mai tsafta, a kai su asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai dai akwai gaskiyar da dole in faɗa miki. Da na juya ta ɗaya ɓangaren na sake aunawa, daga rijiyar zuwa masan gidanku taku 12 ne. Masai ma yana zubar da waɗannan abubuwa biyu, irinsu ɗaya. Don haka kafin a ɗora wa mutum laifi gaba ɗaya, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsafta a kai a auna. Akwai ɗakunan gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Amma ko me gwajin ya nuna, ramin nan bai kamata ya zauna a inda yake ba, kuma na faɗa wa mai shi haka ido da ido. A ɗaga bakin rijiyar da bulo, a yi mata daɓen siminti a kewaye mai gangara waje, a sa murfi, a daina ajiye guga a ƙasa.

Saƙo na biyu daga mai kiwon ne da kansa, ko da yake ba wanda na ziyarta ba. Wani dattijo ne daga wajen Wusasa. Ya ce: "Shekara 15 ina kiwon nan, da shi na biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta. Da can babu gida kusa da ni, yanzu gari ya cim mini, kullum ƙorafin wari. Ba ni da kuɗin manyan injuna. Me zan yi in zauna lafiya da mutane?"

Baba, na gode da wannan takarda, kuma na ji daɗin yadda ka yi tambayar. Gaskiya ne gari ne ya same ka, amma warin ma gaskiya ne, kuma mafi yawan gyaran ba na inji ba ne.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne haɗa komai da ruwa. Kashi da fitsari da ruwan wanki da ruwan sama, duk a tura su rami ɗaya. Da zarar sun kwanta a ruwa babu iska sai su fara ruɓa irin ta ɗoyi, su riƙa fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da wata mai yaji a ido da hanci. To ka raba su. Da safe a fara kwashe kashin da shebur a zuba a baro tun kafin a taɓa ruwa. Abin da ya rage ne za a wanke, kuma bokiti kaɗan ya isa. A zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako a ƙasan ɗaki ya tsotse fitsari. Ɓuntu kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a wajen masu injin casa, wani wurin ma ƙona shi suke yi. A sa wa kwanon rufi indararo, ruwan sama ya bi hanyarsa daban, kada ya faɗo cikin garke ya kwashi ƙazanta ya kai kwata. Inda ake tara kashin a yi masa daɓe da ɗan rufi, ko da tsohon kwano ne ko tamfol. Ragowar ruwan wanki kuma ya shiga ramin da aka shafe da siminti, mai murfi, nesa da rijiyar kowa, har da taka.

Ina roƙonka abu ɗaya, Baba, da babbar murya: kada ka taɓa tura yaro cikin ramin nan ya kwashe shi. Iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya, kuma idan ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Mutum zai sauka lafiya lau, numfashi biyu uku ya faɗi. Wanda ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi. Irin abin da muke ji yana faruwa da masu yasar masai ke nan, a rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Sai maganar mushe. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shigo Najeriya da ƙarfi a 1997, kuma a 2020 ya kashe dubban ɗaruruwa a babbar gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Ba ya kama mutum, wannan a kwantar da hankali. Amma ba shi da magani, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a nama da jini da kashi da takalmin mai shiga garke. Wanda ya jefa mushe a rafi ko a juji ya ɓata wa mutane ruwa, ya kuma aika wa ɗan'uwansa mai kiwo da ke gangare cutar har gida. A haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa a binne, a sanar da likitan dabbobi. Idan kuma ka sayo sababbi, ko daga kasuwar Katsit ta kusa da Kafanchan da ke ci ranar Alhamis, ko daga wurin wani, ka keɓe su daban na 'yan makonni kafin su haɗu da naka.

Tambaya ta uku daga wani manomin lambu ce a fadamar Galma. Ya ce taki na zamani ya yi tsada, yana amfani da kashin kaji, yanzu kuma wani ya yi masa tayin na aladu da araha. Yana tambaya: yana da kyau ga latas da kabeji? Kuma ya halatta?

Malam, hukuncin halacci na malamanmu ne, ka kai musu tambayar a filin fatawa ko a zauren malaminka, su za su warware maka. Abin da zan yi magana a kai shi ne lafiya da ƙasa, kuma maganar ta shafi kashin kajin da kake zubawa yanzu, da na shanu, duk ɗaya.

Ɗanyen kashi, kowane iri ne, bai kamata ya taɓa ganyen da za a ci ba a dafa ba. Latas, kabeji, karas, tumatir, gurji: daga lambunka sai kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, daga nan sai farantin kwaɗo. Ƙwan tsutsar ciki da ke cikin kashin alade yana iya shekaru a ƙasa da ransa, kuma yana kama mutum. A Amurka, dokar masu noma da takin gargajiya ta ce idan an zuba ɗanyen kashi sai an yi kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas ɗinka kuwa bai kai haka a gona ba. Ga shi ɗanyen yana ƙona saiwar shuka saboda zafinsa, abin da kai ka fi ni sani.

Mafita ita ce a dafa takin, kuma shi yake dafa kansa. Ka shimfiɗa karan masara da aka sassara ko ɓuntu ko busasshiyar ciyawa, ka zuba kashi a kai, ka sake rufawa da kara, haka hawa-hawa har tsibin ya kai ƙugu ko ƙirji. Busasshen ya fi kashin yawa, kamar ninki biyu ko uku. Ka yayyafa ruwa daidai yadda in ka damƙa zai dunƙule ba tare da ya tsiyaya ba. Bayan kwana 3 ko 4 ka soka rodi a tsakiya, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro. Na taɓa yin haka a gonar wani tsoho a hanyar Shika da sanyin safiyar hunturu: da na zaro rodin tururi ne ke tashi daga ramin da ya bari, na kama ƙarfen na kasa riƙewa. Wannan zafin, maki 55 zuwa sama a ma'aunin Salshiyos, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Sai dai gefen tsibi ba ya yin zafi, saboda haka duk mako ko kwana 10 ka juya shi, na waje ya koma ciki. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, ƙamshinsa kamar ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Wannan ne taki. Malaman gona na cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru da na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika suna nuna wannan aiki, ga su kusa da kai.

Kuma kada ka tara tsibin a bakin ruwa, kada ka zuba ana hadari. Duk abin da ruwan sama ya wanke daga gonarka kogin Galma yake komawa, kamar yadda abin da aka zuba a rafin Kubanni yake gangarowa ya same ku, daga nan duka su nufi kogin Kaduna. Takin da ke ciyar da kabeji shi ne ke ciyar da gansakuka da kainuwa, su rufe ruwa, in sun mutu ruɓarsu ta shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Wannan ya kai mu ga saƙon wata ɗaliba daga jami'a, wadda ta ce ta ji ƙasashen da suka ci gaba sun gama da wannan matsala, me ya hana mu kwaikwaye su?

'Yata, ba su gama ba. A jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, inda ake tara ruwan kashin dubban aladu a manyan tafkuna, a 1995 bangon tafki ɗaya ya fashe, galan miliyan 25 ya kwarara cikin kogi, kifi ya mutu ba adadi. Da guguwar Fulorens ta zo a 2018, wasu tafkunan suka sake ambaliya. A yankin Biritani na Faransa, inda kiwon aladu ya fi yawa a ƙasar, gansakuka kan cika bakin teku, har a 2009 iskar da ke fita daga ruɓarta ta kashe doki, mahayinsa da ƙyar aka cece shi. Holan kuwa biyan masu kiwo kuɗi ta riƙa yi su rufe garkensu, don ƙasar ta kasa ɗaukar takin. Dabbobi ne suka fi ƙarfin gonakin da ke kewaye da su. Mu a nan ƙasarmu yunwar taki take yi, abin takaici ne a ce yana bin kwata.

Abin da ya dace mu ɗauka shi ne tukunyar gas. Ana zuba kashin da ruwa a rufaffen tanki, ya ruɓe babu iska, ya ba da gas ɗin girki wanda fiye da rabinsa iskar misen ce, mai kamawa da wuta. Ita wannan iska idan ta tsere sama daga buɗaɗɗen rami tana riƙe zafi a sararin samaniya wajen ninki 28 na hayaƙin kabon, amma a murhu tuwo take dafawa, ta rage sare itace. Zafin Zariya yana taimaka mata, sai dai da sanyin hunturu takan yi nawa. Ruwan da ke fita ta bayan tankin ma taki ne, a kai shi gona, kada a sake shi a lambatu.

Wani bawan Allah daga Tudun Jukun ya rubuto a taƙaice: "An ce tsutsar alade tana kawo farfaɗiya. Ni da ban taɓa ci ba, ina ruwana?"

Da ruwanka, ɗan'uwa, kuma hanyar ba wadda kake zato ba ce. Wanda ya ci naman aladen da bai dahu ba, shi ne ke samun doguwar tsutsar a hanjinsa. Ƙwanta yana fita ta bayan gidansa, wato na mutum. Duk wanda ya haɗiyi ƙwan nan ta ruwa ko ganye ko hannun mai abinci da bai wanke ba, ko bai taɓa ganin alade ba, tsutsar na iya zuwa ta yi ƙullutu a ƙwaƙwalwarsa. A farkon shekarun 1990 an samu haka a birnin Niyok na Amurka cikin iyalan Yahudawa da su ma ba sa cin alade sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da tsutsar ta yi katutu, ita ke haddasa wajen kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Aladun da ake saki suna yawo a juji suna cin bayan gidan mutane su ke sa abin ya yi ta zagayawa. Don haka a killace su, mu kuma mu daina ba-haya a fili, a wanke hannu da sabulu, a wanke ganye sosai da ruwa mai tsafta. Mai farfaɗiya a kai shi asibiti, ana gano wannan kuma akwai magani.

Mutum uku ne suka tambayi inda za a kai ƙara idan an yi magana mai kiwo ya ƙi ji. A fara da sallama a ƙofar gidansa, mutum biyu ko uku masu hankali, ba taron matasa ba. A garin da ya san ɗacin rikici irin namu, maganar kwata tana iya juyewa ta zama wata magana daban cikin dare ɗaya, kuma ba na so shirin nan ya zama sanadi. Idan bai yiwu ba a je wa mai unguwa, ya kira kowa ya zauna. Daga nan sai duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda aikinsu ne su zo su auna su ba da wa'adi, sannan hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. A tafi da takardar gwajin ruwa idan an yi. Kuma abin da aka nema daga mai aladu, shi za a nema daga mai kaji 2,000 a tsakiyar unguwa, da mai turken shanun da fitsarinsu ke bin layi, da mahautar da ke sakin jini da tumbi a rafi.

Hajiya ta bayan Samaru, kafin in shigo ɗakin nan maƙwabcin naki ya aiko min cewa ya sayo siminti buhu 4, ranar Asabar zai cike tsohon ramin ya haƙa sabo ta can gangare. Ki gaya wa maigida ya leƙa ya yi masa sannu da aiki, ku kuma ku duba maganar masan nan naku. Sauran takardun da ban kai gare su ba, na maganin feshi da na ruwan leda, suna nan a ajiye sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.